Tsakanin "enter", "go in" da "come in": wanne ne Turancin shiga?

Ɗalibar Aji Shida: Assalamu alaikum malamai da iyayenmu na wannan zaure. Don Allah ina neman ƙarin haske. Muna shirin WAEC, kuma wurin da ya fi ba ni wahala shi ne abin da ake kira phrasal verbs, wato aikatau da ake haɗa shi da ɗan guntun kalma kamar "in" ko "into", musamman waɗanda suka shafi shiga. Mu a Hausa kalma ɗaya ce, shiga. A Turanci kuwa ga "go in", ga "come in", ga "get in", ga "get into", ga "walk in", ga kuma "enter" ita kanta. Ta yaya mutum zai san wadda zai ɗauka? Ko duk abu ɗaya ne?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki wahalar da kanki. Ki riƙe "enter", ita ce tsayayyar kalma, babu mai makin da zai ja miki jan biro a kanta. Waɗannan guntayen na hira ne da finafinai. Mu da "enter" aka koyar da mu, da ita muka koyar, kuma yaranmu sun ci jarrabawa.

Malam Mai Alli: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ina da ja. A takardar WAEC akwai sashen da ake ba ɗalibi jimla da gurbi a ce ya cike, kuma sau da yawa abin da ake nema shi ne ɗan guntun da ke bin aikatau. Idan aka rubuta "Thieves broke ___ the shop last night", babu inda "enter" za ta cece ta. Dole ta san cewa "into" ce. Sannan jarrabawa kwana ɗaya ce, magana da mutane kuwa har ƙarshen rayuwa. Idan aka ƙwanƙwasa wa Bature ƙofar ofis "come in" zai ce. In ya ce "enter" kawai, sai mai jin ya ɗauka wani alƙali ne ko babban soja ke ba da umarni.

Tafinta: Ƙanwata, bari in fara da gyara wani abu a tambayarki, domin amsar tana cikinsa. Kin ce a Hausa kalma ɗaya ce. Biyu ce: shiga da shigo. Idan kina cikin ɗaki aka yi sallama, "shigo" za ki ce. Idan kina tsaye a waje da baƙo kina nuna masa ƙofa, "shiga" za ki ce. Wasalin o ɗin nan na ƙarshe shi ke nuna abu ya taho wajen mai magana, kamar fita da fito, sauka da sauko, aika da aiko. Masu nazarin nahawun Hausa suna kiransa aji na shida a tsarin aikatau da masanin Hausa F. W. Parsons ya fitar a 1960.

To wannan bambancin shi ne tsakanin "go in" da "come in". Kina waje, "go in". Kina ciki, "come in". Har ma inda mutane ke tsammanin za a rabu ba a rabu ba: mai tsaye a bakin ƙofa yana cewa "May I come in?" duk da shi yana waje, domin ya auna tafiyar daga wurin wanda yake yi wa magana. Mu ma "in shigo?" muke cewa, ba "in shiga?" ba. "Enter" kuwa ba ta san wannan bambanci ba sam, shi ya sa nake ganin Bahaushen da ya tsaya a kanta kaɗai ya yar da abin da tun yana yaro yake da shi a bakinsa.

Ɗalibar Aji Shida: Wallahi Yaya ban taɓa haɗa su haka ba. To "walk in" da "run in" fa, su ina za a sa su?

Tafinta: Nan ne ainihin wurin da harsunan biyu suka rabu, kuma in kin gane shi kin huta da haddar dogon jeri. Bahaushe yakan sa shigar a cikin aikatau, sannan ya kawo yadda aka yi ta a baya: ya shiga da gudu, ta shigo a sace, sun shiga a layi, ya shigo ba sallama. Bature yakan juya abin. Yadda aka yi tafiyar shi ne aikatau ɗinsa, shigar kuma sai ya rataya ta a kan ɗan guntun "in". Ya shiga da gudu, "he ran in". Ta shigo a sace, "she sneaked in". Sun shiga a layi, "they filed in". Ya faɗo ba sallama, "he barged in". Ya banko ƙofa ya shigo, "he burst in". Jama'a sun yi ta tururuwa ciki, "people poured in". Suna shigowa jefi-jefi, "they trickled in". Ya matsa ya samu ya shige, "he squeezed in".

Kin ga "in" ba ta canza ba ko sau ɗaya. Ita ce shigar. Kalmar farko ce ke gaya miki da wace irin tafiya aka shiga. Wani masanin harshe ɗan Amurka, Leonard Talmy, ya yi bayanin wannan a 1985, inda ya nuna cewa Turanci da Jamusanci suna ɗora alƙiblar tafiya a kan ɗan guntu, Faransanci da Sifaniyanci kuma suna sa ta cikin aikatau. Shi ya sa idan ɗalibinmu ya rubuta "he entered the room with running", Hausa ya rubuta da kalmomin Turanci. Kowace kalma daidai take, ginin ne ba nasu ba.

Mai Nazarin Hausa: Ɗan'uwa Tafinta, bayaninka ya yi kyau amma kada mu tauye Hausa. Mu ma muna da aikatau da ke ɗauke da yanayin shiga a cikinsu. Ya kutsa cikin taro. Ya afka ɗaki. Ya faɗa rijiya. Ya ruga gida. Ta saɗaɗa ciki. Ya cusa kai. Babu "shiga" a ko ɗaya, kuma duk shiga ce. Don haka ba zan yarda a sa Hausa a layin Faransanci kai tsaye ba.

Tafinta: Gaskiya ne Malam, muna da su, kuma ga ɗaliba ma sun fi amfani, domin "kutsa" ta fi kusa da "push in" ko "force your way in" fiye da duk wani dogon bayani. Abin da nake nufi yawan amfani ne. Bature yana iya ɗaukar kusan kowane aikatau na motsi ya liƙa masa "in": "limp in", "dance in", "crawl in", "stagger in". Mu ba ma cewa ya ɗingisa ciki da nufin ya shigo yana ɗingishi, sai mun kawo shigo ɗin.

Mai Nazarin Hausa: A kan wannan na yarda. Amma "ya rarrafa ciki" tana faɗuwa a bakin mutane, a lura.

Tsohon Hedimasta: Duk na ji. Amma ku gaya mini, yaron da zai rubuta wasiƙa zuwa ga kwamishina, "barge in" zai rubuta? Turanci yana da daraja-daraja. Abin da nake gudu shi ne ku sake wa yara linzami su cika takarda da maganar titi.

Malam Mai Alli: A nan kam Baba kana da gaskiya rabi da rabi, kuma akwai tarihi a bayanta. Bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, kalmominsa suka kwararo cikin Turanci. "Enter" daga can ta zo, asalinta Latin. "Go", "come" da "in" kuwa tsoffin kalmomin gida ne, tun kafin zuwan Normandawa suke. Shi ya sa har yau kalmomin da suka zo ta Faransanci da Latin suke da ƙamshin ofis, kamar yadda kalmomin Larabci a Hausa suka fi yawa a fagen shari'a da karatu. Akwai su bibbiyu: "submit" da "hand in", "investigate" da "look into", "intervene" da "step in", "admit" da "let in". A wasiƙar hukuma na farkon sun fi dacewa, ban musa ba.

Inda ban yarda ba shi ne kiran na biyun maganar titi. Buɗe kowace jaridar Ingila za ka ga "police are looking into the matter" ko "the government stepped in". Kuma idan tambayar jarrabawa ta ce a rubuta labari ko wasiƙa ga aboki, ɗalibin da ya rubuta "entered" sau goma a shafi ɗaya ya nuna ƙarancin kalmomi ne. Wanda ya ce ɓarawo "crept in", uwa "rushed in", maƙwabta "poured in", labarinsa ya fi rai nesa ba kusa ba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu nan Nijar da muka fara da Faransanci muna da tamu matsalar da "enter". A Faransanci dole ka ce "entrer dans la chambre", sai mu ɗauko wannan "dans" mu ce "enter in the room". Malaminmu na Turanci ya sha fama da mu a kai.

Malam Mai Alli: Mu ma nan haka ne ɗan'uwa, sai dai tamu daga "shiga cikin ɗaki" take zuwa, ka ji yaro ya ce "enter inside the room". "Enter" ta riga ta haɗiye "cikin", ba ta son ƙari: "enter the room" kawai. Wurin da ake cewa "enter into" shi ne abin da ba wuri ba, kamar yarjejeniya ko tattaunawa, "enter into an agreement". Kun ga Baba, ita ma "enter" ɗin tana da nata tarkon.

Ɗalibar Aji Shida: Malam, to yaushe ne "in", yaushe ne "into"? Nan nake yawan faɗuwa.

Malam Mai Alli: Ki duba abin da ke biye. In ba a ambaci wurin ba, "in": "Thieves broke in last night." In an ambaci wurin, "into": "Thieves broke into the shop." Haka "they moved in yesterday" da "they moved into the new house". A maganar baka za ki ji "get in the car" ko "jump in the river", kuma daidai ne, amma "broke in the shop" ba ta zama. A jarrabawa in wuri ya biyo baya kuma akwai motsi daga waje zuwa ciki, ki ɗauki "into".

Sai abu na biyu da ke kayar da yara, wurin zaman wakilin suna. Idan aikatau ɗin na shigar da wani ne ko wani abu, kina iya cewa "let the visitors in" ko "let in the visitors". Amma da zarar kin mayar da su "them", dole ya shiga tsakiya: "let them in". Babu "let in them". Haka "hand it in", "bring her in", "plug it in". "Into" kuwa ba a raba ta da abin da take nunawa: "look into it", ba a cewa "look it into".

Ma'aikaciyar Jinya a Ingila: Sannunku da ƙoƙari. Baba Hedimasta ina gaisuwa. Ni dai abin da kunnena ke ji kullum a wurin aiki zan faɗa. "Enter" a rubuce nake ganinta: a jikin ƙofa an sa "Do not enter", ko na'urar cire kuɗi ta ce "enter your PIN". A baki kuwa daga safe zuwa dare guntayen nan ne. Mara lafiya "was brought in" da motar asibiti, in abin ya yi tsanani "was rushed in". A teburin karɓar baƙi ana "book him in", a ba shi takarda a ce "fill in this form". Likita ya sa abin awo a ƙirji ya ce "breathe in". Ka ba mutum maganin ciwo ya tambaye ka yaushe zai "kick in", wato yaushe zai fara aiki. Abokiyar aiki ba ta da lafiya, "she called in sick". 'Yar mara lafiya ta ce "I'll pop in tomorrow", wato za ta ɗan leƙo gobe ba daɗewa za ta yi ba. Wanda ya zo nan da "enter" kaɗai za a fahimce shi in ya yi magana, amma shi ba zai fahimci rabin abin da ake gaya masa ba, kuma a asibiti wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Af, "fill in" ta mutanen nan ce, 'yan Amurka sun fi cewa "fill out" a kan takarda ɗaya.

Ɗan Kasuwar Kwari: Anti, ni tawa tambayar ta mota ce. Mu nan kowa "enter motor" yake cewa, "enter bus", "enter keke". Wani abokin cinikina ya ce mini ba haka ake faɗa a waje ba. Mene ne daidai?

Ma'aikaciyar Jinya a Ingila: Alhaji, nan "get in" da "get on" suke raba aiki. Ƙaramar mota da tasi, inda sai ka sunkuya ka zauna, "get in" ko "get into". Bas, jirgin ƙasa, jirgin sama da babban jirgin ruwa, inda za ka iya miƙewa ka taka a ciki, "get on". Abin da ake hawa a bisa, babur, keke mai ƙafa biyu, doki, shi ma "get on". Wajen sauka kuma sai su bi sawu: abin da ka yi wa "get in" za ka yi masa "get out of", wanda ka yi wa "get on" kuma "get off". A daidaita sahu ni "get in" zan ce, tun da zama ake yi a ciki.

Mai Nazarin Hausa: Abin sha'awa, mu ma muna da shiga da hawa, shiga mota, hau babur, hau doki. Sai dai iyakar tamu ba ta faɗi daidai kan tasu ba, tun da muna cewa hau mota muna kuma cewa shiga jirgi.

Uwar Biyu: Ni kuma ina so in kare namu Turancin. Me ya sa kullum na Ingila ne daidai? In na ce "she has taken in" duk ɗan Najeriya ya san ta samu ciki. In na ce "they have packed in" kowa ya san sun tare a sabon gida. Mutum miliyan nawa ke magana haka? A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Najeriya, har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". To don me za mu riƙa jin kunyar namu?

Tafinta: Hajiya, babu kunya a ciki, kuma ni ba na kiransa kuskure in tsakaninmu ne. Magana ce ta sanin wanda ke gabanka. "Take in" a wurin Bature tana nufin ba mutum masauki a gidanka, ko fahimtar abin da aka faɗa, ko rage faɗin riga a wurin tela, kuma "I was taken in" na nufin an yaudare ni. Samun ciki ba ya cikinsu. "Pack it in" kuma a Ingila cewa ce a daina abu. Tarewa a gida "move in" ce. Mace ta je asibiti a Landan ta ce "I have taken in", abin da za a tambaye ta shi ne me ta haɗiya. Ita kuma ƙanwarmu da ta kawo tambaya, masu makin WAEC da ma'aunin daidaitaccen Turanci za su auna ta. Ta san duka biyun, ta san inda za ta ajiye kowanne.

Uwar Biyu: Na ji, amma ina nan a kan cewa wata rana su ma za su koyi namu.

Ɗalibar Aji Shida: Akwai waɗanda ban ga shiga a cikinsu ba ko kaɗan. "Give in" an ce miƙa wuya ce. "Run into" an ce haɗuwa da mutum ba zato. Su ma akwai dabara ko sai hadda?

Malam Mai Alli: Wasu ana iya bin sawunsu. "Step in" sa ƙafa ne cikin rigima don a raba, mu ma muna cewa shiga tsakani. "Get into trouble" ga ta nan a Hausa, shiga uku ko faɗa cikin matsala. "Butt in" da "cut in" tsoma baki ne. "Chip in" kawo naka gudummawar cikin karo-karo. "Sink in" ita ce magana ta nutse a zuciya, kamar labarin rasuwa da sai bayan kwanaki mutum ke gaskata shi. "Settle in" sabawa da sabon wuri, "fit in" sajewa da mutanensa. "Run into" asalinta karo ne, "the car ran into a wall", daga nan ta zama yin kiciɓis da mutum, ga kuma tamu "cin karo da" da ke ɗaukar ma'anonin biyu. "Cave in" rufin rami ne ya rufta ciki, sai aka ara wa mutumin da matsi ya sa ya sallama.

Amma ba zan ce miki duka suna bin hanya ba. "Give in" ki haddace ta kawai. Haka "turn in" da ke nufin tafiya kwanciya, ta kuma nufi miƙa mai laifi ga 'yan sanda. Irin waɗannan ki riƙa rubuta su da cikakkiyar jimlar da kika tsince su a ciki, kada ki rubuta kalma da fassararta tsura.

Tsohon Hedimasta: To madalla. Ni dai ban sauka daga kan cewa a wasiƙar hukuma a bi tsohuwar hanya ba. Amma 'yata, rubuto mana jimloli mu gani ko karatun ya zauna.

Ɗalibar Aji Shida: To Baba, ga su. "My aunt knocked and my mother told her to come in." "The goat sneaked into the kitchen." "The gateman refused to let us in." "We got in the bus at Zaria." "I ran into my teacher into the market."

Malam Mai Alli: Ukun farko lafiya lau, har kin sa "us" a tsakiya yadda ya kamata. Ta huɗu ki koma kan bayanin Anti, bas ce, don haka "got on the bus". Ta biyar "into" ta farko daidai ce, ta biyun ce ta yi yawa. Ba shiga kasuwar kike ba da labari ba, kina cikinta ne kuka haɗu, don haka "in the market" ko "at the market". Ki sake rubuto biyun nan, ki ƙara da guda uku da "break into", "move in" da "hand in", ɗaya daga ciki da wakilin suna.